Tallafin kuɗi ga gonar da ta haɗa noma da kiwo: ta wace ƙofa ake shiga?

Ɗan Gandu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu sanin hanyoyin neman tallafin aikin gona.

Gonata ba babba ba ce, amma ta haɗa sana'a biyu: ina noma hatsi da wake da gyaɗa, ina kuma kiwon 'yan shanu da tumaki a gefenta. Dabbobin suna cin harawa da kara bayan girbi, takinsu kuma yana komawa gona kafin shuka. Abin da yake damuna shi ne asarar da ake yi a tsakani. Harawa tana lalacewa saboda ba ni da rumfar ajiya ta kirki, taki yana shan rana da ruwan sama har ƙarfinsa ya tafi, kuma rashin shinge ya sa ba na iya sakin dabbobi a wani yanki na gonar in tsare su daga wani. Gyara waɗannan duka a lokaci guda ya fi ƙarfin aljihuna.

Na nemi tallafi a wani shiri na bunƙasa noman hatsi, aka ce mini takardata ta fi kama da ta makiyayi. Da na kai ta wani shiri na kiwo, sai aka ce kuɗinsu na inganta irin dabbobi da lafiyarsu ne, babu ruwansu da gona. Na zama kamar jemage, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi ma sun ƙi shi.

Shin akwai masu ba da tallafi, ina nufin kuɗin da ba a mayarwa, waɗanda suke kallon noma da kiwo a matsayin aiki guda? Idan akwai, me suke yarda su biya, me kuma suke ƙi? Sannan ta yaya mutum zai tsara takardarsa har mai karantawa ya gane cewa ba sana'a biyu aka jera masa ba? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Gandu. Abin da ya same ka ba baƙon abu ba ne, kuma tushensa yana cikin yadda aka gina ma'aikatu: a ƙasashe da yawa sashen amfanin gona dabam, sashen dabbobi dabam, kowanne da kasafinsa da ma'aunin da ake auna nasararsa da shi. Wanda aka ɗora wa nauyin ƙara yawan hatsi a kowace hekta ba zai sami yabo don tumakinka sun yi ƙiba ba. Abin mamaki kuwa, irin gonarka ce ta fi yawa a duniya, har wani nazari da ya fito a mujallar Science a 2010 ya ƙiyasta cewa gonakin da suka haɗa noma da kiwo ne suke samar da kusan rabin abincin duniya.

Shawarata ta farko ita ce ka daina ƙwanƙwasa ƙofar hatsi da ƙofar kiwo, ka nemi ƙofa ta uku, wato shirye-shiryen kare ƙasar noma da ruwa da jure sauyin yanayi. A nan ne haɗin noma da kiwo yake da kasuwa, domin abin da waɗannan shirye-shirye suke saye shi ne ƙasar da ba ta zaizaya, da ruwan da taki bai gurɓata ba, da rage dogaro ga takin zamani.

Zan kawo misalai daga wurare dabam-dabam don ka ga yadda abin yake tafiya. A Amurka akwai shirin EQIP, wanda aka kafa a 1996 a ƙarƙashin ma'aikatar gona. Ba ya saya wa kowa saniya, amma yana biyan wani kaso na kuɗin shinge, da wurin shayar da dabbobi, da ma'ajiyar taki, da shukar rufe ƙasa, da tsarin kiwon da ake zagayawa daga yanki zuwa yanki. Yawanci kason ba ya wuce kashi 75 cikin ɗari, amma yana iya kaiwa 90 ga sababbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi, kuma dokar gona ta 2018 ta ware rabin kuɗin shirin ga ayyukan da suka shafi dabbobi. A can ɗin dai akwai shirin SARE, wanda ya fara a 1988, shi kuma yana ba manomi kuɗi don ya gwada wata dabara a gonarsa, ya auna sakamako, ya gaya wa sauran manoma abin da ya gani. A Tarayyar Turai, tsarin tallafin gona na 2023 zuwa 2027 ya ware aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ake biyan manoma kai tsaye ga ayyukan kyautata muhalli, kowace ƙasa kuma ita take zaɓar ayyukan da za ta saka a ciki.

Barazil ta fi kowa suna a wannan fanni. Hukumar binciken gona ta ƙasar, Embrapa, ta yaɗa dabarar shuka masara tare da ciyawar kiwo a gona ɗaya, ta yadda da zarar an girbe masara sai filin ya zama makiyaya, daga baya a sake mayar da shi noma. Shirin ABC na gwamnatin ƙasar, na 2010, ya sa burin faɗaɗa haɗin noma da kiwo da bishiyoyi da hekta miliyan 4 zuwa 2020. Sai dai a lura, kuɗin wannan shiri rance ne mai sauƙin ruwa, ana biyansa. Na ambace shi da gangan, domin sau da yawa ana tallata abu da sunan tallafi alhali bashi ne aka sassauta, kuma wajibi ne ka tambayi wannan tun kafin ka cika fom.

Manyan hukumomin duniya irin su Bankin Duniya da asusun raya aikin gona na duniya, IFAD, wanda aka kafa a 1977 yake da hedkwata a birnin Rum, ba sa ba manomi ɗaya kuɗi a hannu. Gwamnatoci suke ba, gwamnatoci su buɗe shiri, shirin ya sauko ta hannun ƙungiyoyin manoma. Saboda haka neman adireshinsu ɓata lokaci ne. Abin nema shi ne ofishin shirin da suke ɗaukar nauyi a ƙasarka da sharuɗɗan da ya gindaya.

Game da tsara takarda, kada ka rubuta babin noma sannan ka rubuta babin kiwo. Ka rubuta abin da yake wucewa tsakaninsu: buhu nawa ko dami nawa na harawa yake fita daga gona zuwa turke, amalanke nawa na taki yake komowa, a ina ake asara, kuma nawa za a ceto idan aka gina rumfa da ramin taki da shinge. Akwai ma'anar da FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta wallafa a 1996 wadda za ta taimake ka: gona tana shiga sahun masu haɗa noma da kiwo idan fiye da kashi 10 cikin ɗari na busasshen abincin dabbobinta yana fitowa daga ragowar amfanin gona, ko fiye da kashi 10 cikin ɗari na darajar abin da take samarwa yana fitowa daga noma. Idan ka nuna da lissafi cewa ka haye wannan mizani, ka ba mai tantancewa hujjar da zai kare ka da ita a gaban kwamitinsa.

Uwar Ƙungiya ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malamin Gona ya yi bayani mai gamsarwa a kan ƙofofi, ni kuma zan yi magana a kan abin da yake faruwa bayan an buɗe ƙofar, domin ni ce mai riƙe da littafin kuɗi a ƙungiyarmu ta gama kai, kuma a nan ne nake ganin mutane suna tuntuɓe.

Ɗan'uwa, kalmar tallafi tana sa mutum ya zaci za a damƙa masa kuɗi ya je ya yi aiki. A mafi yawan shirye-shirye ba haka ba ne. Kai za ka fara kashe naka, ka gama aikin, jami'i ya zo ya duba ko ya dace da ƙa'idar da aka rubuta, sannan a mayar maka da kason da aka yi alkawari. Ko shirin EQIP da aka ambata haka yake aiki, in ban da rukunin masu ƙaramin ƙarfi da ake iya ba wani ɓangare tun farko. Ma'anar wannan ita ce, wanda ba shi da abin da zai riƙe kansa na wasu watanni yana iya samun amincewar tallafi ya kasa amfani da shi, ko ya ci bashi mai tsada yana jiran biya, ko ya sayar da dabbobin da aka nemi tallafin dominsu. Kafin ka sa hannu, ka tambayi yaushe kuɗin yake fitowa, a kashi nawa, kuma da wace shaida.

Abu na biyu shi ne gudummawar mai nema. Kusan kowane shiri yana so ka sa naka hannun, wani kashi 10, wani 25, wani ma rabi da rabi. Abin tambaya shi ne ko suna karɓar gudummawar da ba ta kuɗi ba. Idan suna karɓa, to ƙwadagonka da na iyalinka, da yashi da duwatsun da ka tara, da itacen dirka, duk ana iya yi musu kuɗi a sa cikin lissafi, muddin an rubuta su a ranar da aka yi su. Rasit ɗin da aka nemo bayan wata shida ba ya gamsar da mai binciken kuɗi.

Ba na so a bar maganar a kan cewa ba a taɓa ba da dabbobi ba, domin ana bayarwa. Ƙungiyar Heifer International tun 1944 take raba dabbobi da sharaɗin wanda ya samu zai miƙa 'yar fari ga wani gida, kuma Ruwanda ta fara shirin Girinka a 2006, na ba iyali matalauta saniya guda, inda taki don gona yake cikin manufofin shirin tare da madara. Sai dai waɗannan na yaƙi da talauci ne, ana nufin wanda ba shi da ko ɗaya. Mai garke irinka ba zai shiga wannan layi ba, kuma idan ka sa sayen shanu a kasafinka, da alama shi ne layin farko da za a soke.

Daga ƙarshe, ka duba ko maƙwabtanka suna da irin matsalarka. Injin daddatsa kara, ko ma'ajiyar harawa babba, ko rijiyar burtsatse ta shayar da dabbobi, sun fi sauƙin samun amincewa idan ƙungiya mai rajista ce ta nema, domin mai ba da kuɗi yana raba abin da ya kashe da yawan gidajen da suka amfana. Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na GEF, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take gudanarwa tun 1992, ƙungiyoyin al'umma yake ba, kuma shekaru da dama dala 50,000 ce ta kasance iyakar abin da yawancin ayyuka suke samu. Amma ƙungiyar da aka haɗa jiya don kawai a ci tallafi ana gane ta da wuri: ba ta da rubutaccen bayanin taro, ba ta da asusun banki mai motsi.

Mai Garke ya amsa:

Allah ya ƙara ilimi, Malam, Allah ya ƙara girma, Hajiya. Na yarda da yawancin abin da kuka faɗa, amma ina da ja a kan shawarar shiga ta ƙofar kare ƙasa ba tare da gargaɗi ba, domin a bayan wannan ƙofa akwai sharaɗin da yake iya karya mai kiwo.

Shirye-shiryen kare ƙasa da yawa an gina su ne a kan ginshiƙai uku da FAO take koyarwa: rage huɗa, sauya irin shuka, da barin ƙasa a rufe da ragowar amfani aƙalla kashi 30 cikin ɗari na fuskarta. To wannan ragowar da ake cewa a bari ita ce abincin dabbobi a watannin rani. Kara ɗaya ba zai rufe ƙasa ya kuma cika cikin saniya ba. Wanda ya sa hannu a kan barin kara a gona, sannan yunwa ta sa ya saki shanu suka cinye, ya karya yarjejeniya, kuma wasu shirye-shirye suna da ikon neman a mayar musu da kuɗinsu.

Saboda haka ina ba Ɗan Gandu shawara ya yi lissafin ciyarwa kafin lissafin kuɗi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshen abinci kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta a kullum, wato kilo 6 da ɗan ɗoriya. A rani na wata shida ta ci fiye da tan ɗaya ke nan, shanu goma kuma sun haura tan 11, ba a sa tumaki ba. Ka auna abin da gonarka take bayarwa na kara da harawa, ka cire abin da za a bar wa ƙasa, ka cire abin da dabba take tattakewa ta ƙi ci, ka ga ko ragowar ta kai. Idan ba ta kai ba, to abin da ya kamata ka nema a tallafin shi ne abin da zai cike giɓin: irin wake mai ba da ƙwaya da harawa mai yawa tare, irin wanda cibiyoyin binciken noma da kiwo na IITA da ILRI suka yi aiki a kansa, ko wani yanki na ciyawar shuka, ko bishiyoyin da ake sara wa dabbobi ganye. Harawar wake da ta gyaɗa sun ninka karan hatsi wajen furotin, shi ya sa kaɗan daga cikinsu take sa dabba ta ci moriyar karan da in shi kaɗai ne ba zai riƙe ta ba.

Haka nan a yi hattara da zuzuta taki a cikin takarda, domin masu tantancewa sun san lissafinsa. Saniya irin wadda na ambata tana ba da busasshen kashi kusan tan ɗaya a shekara, kuma naitirojin ɗin da yake ciki, wato sinadarin da ake sayen takin yuriya dominsa, bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, wato kilo 10 zuwa 20. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Ke nan kashin saniya na shekara guda bai kai buhu ɗaya ba, ko da an tattara shi duka, alhali wanda ta zubar a wajen kiwo ba ya dawowa. Kaso mai yawa na naitirojin ma a fitsari yake fita, kuma shi ne ya fi saurin bin iska ko nutsewa. Wannan ne ya sa daɓen turke, da shimfiɗar ƙaiƙayi ko ciyawa da za ta tsotse fitsari, da rufin da zai kare tulin taki, suka fi ƙarin dabbobi amfani ga gona. Kada ka rubuta cewa za ka daina sayen takin zamani. Ka rubuta cewa za ka rage shi, kuma ƙasarka za ta fi riƙe ruwa da amfanin takin da ka saya, domin wannan ne gaskiyar abin da takin dabba yake yi.

Akwai kuma inda matsalar take juyewa, taki ya yi yawa. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta iyakance naitirojin na takin dabba zuwa kilo 170 a hekta a shekara a yankunan da ruwansu yake cikin haɗarin gurɓata. Ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadari a Amurka ta ce ɗanyen taki sai an zuba shi kwana 120 kafin girbin amfanin da yake taɓa ƙasa, ko kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Duk wanda yake noman kayan lambu kusa da dabbobi ya sa ran za a yi masa irin wannan tambaya.

Ɗan Gandu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lissafin Mai Garke ya nuna mini cewa rumfar harawa da gyaran turke ne ya kamata su zo gaba, shinge ya biyo baya. Sai dai sauran tambayoyi biyu. Wani ɓangare na filin da nake nomawa haya nake yi, ba mallakina ba ne. Shin wannan zai hana? Sannan tunda Hajiya ta ce ana mayar da kuɗi ne bayan an gama aiki, zan iya fara gina rumfar yanzu kafin damina, in ajiye rasit, in gabatar idan an amince?

Malamin Gona ya amsa:

Malam Ɗan Gandu, a kan tambaya ta biyu, kada ka fara. Ƙa'idar da ta kusa zama gama-gari ita ce ba a biyan aikin da aka soma kafin a sa hannu a yarjejeniya, saboda mai ba da kuɗi yana so ya tabbatar cewa kuɗinsa ne ya haifar da aikin, kuma yana so a gina shi bisa ma'aunin da ya amince da shi. Idan damina ta matsa maka, ka nemi izini a rubuce daga ofishin shirin, ko ka raba aikin biyu: ka yi rumfa da kuɗinka ka cire ta daga takardar, ka nemi tallafi a kan turke da ramin taki da shinge. Rumfar da ka gina da kanka ma shaida ce a gare ka idan jami'i ya zo duba gona.

A kan haya kuwa, ba lallai ne ta hana ba, amma za a nemi shaidar cewa filin zai kasance a hannunka har ƙarshen yarjejeniyar, wadda a wasu shirye-shirye takan ɗauki shekaru da dama. Ta EQIP tana iya kaiwa goma. Ana kuma neman yardar mai fili a rubuce kafin a kafa wani abu mai ɗorewa kamar shinge ko rijiya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗora gine-gine a kan ɓangaren da ka mallaka, ka bar wa filin haya ayyukan da suke ƙarewa a shekara, irin su shukar wake mai harawa da zuba taki.

Na karɓi gyaran Mai Garke a kan kara, kuma zan ƙara abu ɗaya. Idan fom ɗin ya zo da sharaɗin rufe ƙasa, ka nemi a rubuta a cikin yarjejeniya cewa an yarda da kiwo na ɗan lokaci a kan ragowar amfani, da adadin kwanakin, da yawan dabbobin, da tsawon karan da za a bari a tsaye. Ka fara riƙe littafi daga wannan kakar: nauyin harawar da ka ɗaure, ranar da ta ƙare, yawan takin da ya shiga kowane yanki, da abin da yankin ya bayar. Idan da hali ka kai ƙasar gonar a gwada ta a ɗakin bincike, ka haɗa sakamakon da takardarka, domin da shi za a kwatanta gwajin da za a sake yi a ƙarshen shirin.